Kafin a Bar Yaro Ya Kwana a Sansani

Yaran firamare na cikin birnin Kano sun saba da fitar yini ɗaya. A kai su Gidan Makama su ga kayan tarihi, a hau da su dutsen Dala su hango Gwauron Dutse da rufin kasuwar Kurmi, ko a leƙa gidan namun daji na Audu Bako, kafin la'asar sakaliya kowa ya koma gaban uwarsa. Fitar kwana kuwa daban take. Idan makaranta, ko ƙungiyar 'yan sikawut, ko 'yan agaji suka aiko da takarda cewa za a kai yara wajen gari su kwana a tanti, a wajejen Tiga ko Bagauda misali, to yaron Yakasai ko Mandawari da bai taɓa kwana ko'ina ba sai ɗakin kakarsa zai shiga wata duniya. Iyaye da yawa sukan sa hannu, su biya kuɗin mota, su ɗura wa yaro cincin da dambun nama a jaka, su ɗauka shiri ya kammala. Alhali babban shirin yana cikin tambayoyin da aka yi wa masu tafiyar, da kuma gaskiyar da aka faɗa musu game da yaron.

Tambaya ta farko ita ce ta ruwa. Mutanen Kano ba su manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, lokacin da jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke ƙaramar hukumar Bagwai. Ya ɗebo ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau za su taron Maulidi, kuma an ɗora masa fiye da ƙarfinsa. Aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara ƙanana. Tafiya ce ta alheri, amma hakan bai hana jirgin nutsewa ba. Saboda haka uba yana da ikon ya tambaya kai tsaye: za a shiga jirgin ruwa? Mutum nawa yake ɗauka? Akwai rigar kariya ta kowane yaro? In amsar ta zo da kame-kame, ya hana ɗansa shiga, ko da yaron zai yi kwana uku yana fushi.

Ko ba jirgi, bakin dam ma abin tsoro ne. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, tana da faɗin da yaron da bai san ruwa ba sai kududdufin unguwa ba zai iya kintata zurfinta ba. Ga kuma tsargiya, cutar da ake ɗauka a ruwan kwance inda ƙananan dodon koɗi suke. Ƙwayar cutar ta fatar jiki take shiga, ba sai an sha ruwan ba, kuma sai bayan makonni ake ganin jini a fitsarin yaro, lokacin da kowa ya manta da tafiyar. A ja masa kunne tun daga gida: ba wanka, ba wasa a ruwan.

Sai batun hanya da tsaro. A watan Disamba na 2020, kwanaki kaɗan bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, 'yan bindiga sun tare ɗaliban Islamiyya kimanin 80 na garin Mahuta a ƙaramar hukumar Ɗandume ta jihar Katsina, suna dawowa daga Maulidi da daddare. Allah ya sa aka kuɓutar da su. Darasin a fili yake: a tashi da safe, a isa da rana, a sanar da mai gari da jami'an tsaron wurin, kuma wurin kwana ya zama mai katanga, kusa da mutane.

Inda iyaye suka fi yin sake shi ne ɓoye lalurar yaro. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ciwon sikila, kuma sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da gajiya suna tayar da shi. Daren hunturu a fili, a Disamba ko Janairu, ya fi na cikin ɗakin soro tsanani nesa ba kusa ba. Mai asma kuma ƙura da hayaƙin itace sun ishe shi. Uwar da ta yi shiru don kada a ce ɗanta ba shi da lafiya, ta bar malami cikin duhu, ga shi tsakanin yaron da Asibitin Murtala ko na Hasiya Bayero akwai tafiyar sama da awa guda. A rubuta ciwon, da sunan maganin, da lokacin shansa, a miƙa wa malami hannu da hannu. Haka ma fitsarin kwance: a faɗa wa malami a asirce, ya tashe shi tsakar dare, ya fi a wayi gari 'yan ajinsu sun sami abin waƙa.

Kayan jaka ba su da yawa: gidan sauro, musamman daga damina zuwa kaka, bargo, rigar sanyi, tocila, takalmi rufaffe, gorar ruwa, buta da sabulu. A rubuta lambar wayar gida a takarda a sa masa a aljihu. A koya masa zazzage takalmi kafin ya sa ƙafa saboda kunama, da haska ƙasa in zai fita kewaye da dare. In maciji ya yi sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A hana yaron motsi a garzaya da shi asibiti. Su kuma malamai su tafi da hodar gishiri da sukari ta maganin gudawa. In babu, cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. Kada kuma a kuskura a shigar da kaskon gawayi cikin rufaffen tanti don jin ɗumi, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana barci.

Ba wai a hana yara fita ba ne. Wanda ya kwana a waje ya ɗebo ruwansa, ya naɗe tabarmarsa, ya yi sallar asuba cikin sahu da abokansa, yakan dawo da wata natsuwa da aji ba ya bayarwa. Sirrin yana cikin tsari. Lokacin da Baden-Powell ya yi sansaninsa na farko a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, wanda daga shi aka sami sikawut, yara 20 kacal ya ɗauka, ya kuma raba su gida huɗu. Yau ma haka ya dace: ƙananan rukuni, kowanne da babba mai kula da shi, a ƙirga yara wajen shiga mota da sauka da kuma kafin barci. 'Yan mata su kwana daban, a hannun malamai mata, kuma a gaya wa kowane yaro kada ya bi wani babba keɓaɓɓen wuri shi kaɗai, ko da ya san shi.

Ƙungiyar iyaye da malamai tana da hurumin neman zama kafin ranar tafiya, har ma ta tura wakilanta su ga wurin da idonsu. Duk uban da takardar nan ta zo hannunsa, ya taka zuwa makarantar da ƙafarsa, ya ji sunan wurin, ya ga motar, ya karɓi lambar malamin da zai kwana da ɗansa, sannan ya sa hannu.