Garuruwan Amurka sun sake injin tambur na ma'aikatunsu

A ƙasar Amurka, ma'aikatar magajin gari ba ta cika liƙa wa wasiƙa tambur da hannu ba. Tana da wani inji a biron wasiƙu wanda ke auna nauyin ambulan, ya buga masa shaida da jan tawada, mai ɗauke da kuɗi da kwanan wata. Wannan shaida ita ce ke maye gurbin tambur, wanda wasu ke kira kan sarki. Kuɗin kuwa an riga an biya gidan waya tun da farko, injin yana ta zaftare shi wasiƙa bayan wasiƙa har ya ƙare a sake zubawa.

A shekarar 2024 garuruwa masu yawa, manya da ƙanana, sun rabu da injin da suka saba da shi, ba don ya lalace ba. Hukumar gidan waya ta ƙasar, USPS, ita ce ta janye amincewarta daga tsofaffin injuna ranar 30 ga Yuni, ta kuma ba da wa'adi zuwa 31 ga Disamba a fitar da su daga aiki. Ta ce daga nan sai injin da ke bin sabuwar ƙa'ida, wadda ake kira IMI.

Dalilin hukumar a fili yake. Injin tambur wurin buga kuɗi ne, ko da yake kuɗin na wasiƙa ne. Saboda haka tun asali doka ba ta yarda kowa ya mallake shi a Amurka ba, sai dai haya daga kamfanonin da gidan waya ya amince da su, irin su Pitney Bowes da Quadient, kamfanin Faransa wanda aka sani da sunan Neopost kafin 2019. Injin farko da Arthur Pitney da Walter Bowes suka ƙera ya samu izini a 1920, shekarar da taron Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a Madrid ya yarda irin wannan shaida ta ƙetare iyakokin ƙasashe. A wancan zamani, in kuɗi ya ƙare sai ma'aikaci ya ɗauki injin ya kai gidan waya, a buɗe shi, a saka adadin da aka biya, a rufe da hatimi. Masu wayo sun gano hanyar murɗa ƙarafan ciki su buga shaida kyauta, har hukuma ta kawar da injunan ƙarfe zalla a ƙarshen shekarun 1990. Sabon injin na yau dole ne ya gana da kamfaninsa ta intanet cikin kowace awa 72, ya ba da lissafin abin da ya buga, ya karɓi sabon farashi da kansa. In ya daɗe bai yi haka ba, sai ya kulle.

Ga magajin gari, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ta wannan inji ne takardun kuɗin ruwa ke fita, da na haraji, da sammacin kotun gari, da sanarwar da doka ta wajabta a aika wa mai gida kafin a taɓa filinsa. A jihohi irin su Mishigan da Wiskonsin, sakataren gari shi ke aika wa masu zaɓe ƙuri'unsu ta gidan waya, ga shi kuwa wa'adin ya faɗo a shekarar zaɓen shugaban ƙasa na 5 ga Nuwamba. Wasiƙar da ta makara a irin wannan lokaci tana iya hana ɗan ƙasa hakkinsa.

Hayar inji kan ɗauki shekaru da dama, galibi biyar, shi ya sa a wurare da yawa sai an kai maganar gaban majalisar gari. Wakilai sukan duba tayin kamfanoni, su tambayi ko gyara da tawada suna cikin farashi, domin a nan ne kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. Akwai kuma masu cewa wasiƙa ta ragu, mutane suna biyan kuɗin ruwa ta wayar hannu, me za a yi da babban inji? Tambayar tana da tushe, kuma ƙaramin gari da ya ɗauki inji fiye da bukatarsa ya yi asarar dukiyar jama'a.

Amma lissafi bai goyi bayan komawa ga tambur na hannu ba. A Yuli 2024 tambur na wasiƙa ɗaya ya kai santi 73, alhali shaidar inji a lokacin santi 69 ce. Ma'aikatar da ke aika wasiƙa 100,000 a shekara ta tsira da dalar Amurka 4,000 ke nan, ban da lokacin ma'aikata. Ƙari a kan haka, injin yana rubuta abin da kowane sashe ya kashe, na ruwa daban, na haraji daban, abin da ke sauƙaƙa wa mai binciken kuɗi aikinsa. Tsohon injin kuma ba a jefar da shi ba: kamfanin haya ya karɓi kayansa, kuɗin da ya rage a ciki aka mayar wa gari ko aka juya shi cikin sabon.