Yadda Mace Ke Zama Direbar Tasi a Birnin Landan

Ranar Asabar ɗin da muka yi muhawara a babban ɗakin taro, tambayar da aka ba mu ita ce ko akwai aikin da ya fi ƙarfin mace. Wata 'yar aji biyar ta miƙe ta ce tuƙin tasi, nan da nan ɗaki ya ɗauki tafi. Ni kuwa abin ya sosa mini rai ƙwarai. Babana direban tasi ne a Kaduna, da kuɗin motar nan yake yi mini sayayyar makaranta, kuma ni ce babba a gidanmu. Na daɗe ina ƙudurta cewa in ƙarfinsa ya ragu ni zan karɓi makullin. Ran nan ban sami ta cewa ba. Amma daga baya malamarmu ta Labarin Ƙasa ta ba ni labarin yadda ake yi a Landan, babban birnin Ingila, na kuma bi na karanta. Shi ne nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai.

A Landan iya tuƙi kaɗai ba ya sa a ba mutum baƙar tasin nan da aka san birnin da ita. Wajibi ne ya ci wata jarrabawa da suke kira The Knowledge, watau sanin gari. An kafa ta tun shekarar 1865, zamanin da ake haya da keken doki, har yanzu kuwa tana nan. Hukumar sufurin birnin ce ke ba da lasin. Mace ko namiji, ƙa'ida ɗaya ce. Ana iya fara koyo da shekara 18, amma ba a ba da lasin sai an cika 21. Likita zai duba lafiyarta, a kuma bincika ko ta taɓa aikata laifi.

To, ga inda gizo ke saƙar. A tsakiyar birnin akwai wani wuri da ake kira Charing Cross. Daga nan a auna mil 6 ta kowace fuska, duk abin da ya faɗo ciki sai ta san shi, tituna wajen 25,000 ke nan, ban da asibitoci, da otal-otal, da kotuna, da tashoshin jirgin ƙasa, da wuraren ibada. Za a ba ta wani littafi mai hanyoyi 320, ta farkonsu daga tashar Manor House zuwa Gibson Square. Ba a haddace su a kan gado kamar yadda muke yi wa tarihi daren jarrabawa. Sai ta fita ta bi kowace hanya da kanta. Yawanci a kan ƙaramin babur ake yi, da taswira a maƙale a gaba, ko ana ruwa ko ana sanyin da ya fi hunturunmu nesa ba kusa ba. In ta dawo gida da dare sai ta sami abokiyar karatu su yi ta tilawar hanyoyin da ka, kamar masu harda.

Bayan jarrabawar rubutu sai ta baki, wadda ita ce dodon kowa. Za ta zauna gaban mai jarrabawa, ba taswira ba takarda. Ya ambaci wuri biyu, ya ce ta kai shi daga wannan zuwa wancan. Sai ta fara faɗi: na fita ta hagu, na miƙe titi kaza, na karya dama a titi kaza, har ta sauke shi a bakin ƙofa. Kuma lalle hanyar ta zama mafi gajarta, kamar an ja zare tsakanin wuraren biyu a kan taswira. In ta shiga titin da aka hana shiga ta wannan gefe, ta yi asarar maki. Ba sau ɗaya ake zuwa ba. Da fari bayan kowane kwana 56, in ta yi ƙoƙari a rage zuwa kwana 28, sa'an nan 21. Galibi ana shekara 3 zuwa 4 kafin a gama, masu gudu a hanya kuwa suna da yawa. Wadda ta kai ƙarshe ita ake ba koren bajo, ta ɗauki fasinja ko'ina cikin birnin. Akwai kuma rawayan bajo na masu aiki a unguwannin bayan gari kaɗai.

Wani abin mamaki, a shekarar 2000 wata masaniya mai suna Eleanor Maguire, ta wata jami'a a Landan, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin tasi 16, ta ga sashen da ke riƙe hanyoyi ya fi na sauran mutane girma ta baya. Da na ji haka na yi murna, sai kuma na ga ashe duk su 16 ɗin maza ne.

Mace ta farko da ta ci wannan jarrabawa ta dukan birnin ita ce Marie White, a shekarar 1977, watau bayan fiye da shekara 100 da kafa ta. Har yanzu mata ba su kai 5 cikin 100 na direbobin ba. A ganina ba kaifin ƙwaƙwalwa ne ya hana su ba, tun da mai jarrabawa sunan titi yake son ji, ba ruwansa da muryar da ta faɗa. Shekarun nan ne da ba a biyan ko kwabo. Mace mai goyo da girki, wa zai riƙe mata gida ta yini a kan babur? Ga kuma aikin dare da tsoron mugun fasinja. Amma wadda ta samu, ita ce uwar ɗakin kanta, ta fita lokacin da ta ga dama.

Na san wata za ta ce ai yanzu waya na nuna hanya. Gaskiya ne, Uber ta shiga Landan a 2012, direbobinta kuwa ba sa yin wannan karatu. Sai dai doka ba ta yarda a tsai da su a bakin titi ba, sai an kira su tukuna. Baƙar tasi kaɗai ake ɗaga wa hannu ta tsaya.

Da muka tafi hutu na kwashe labarin nan duka na gaya wa Baba yana wanke mota. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To Uwata, kai ni Kasuwar Barci daga Kawo." Na rufe ido na fara, na iso tsakiyar gari lafiya, amma wajen karyawa Tudun Wada sai kaina ya ɗaure. Ya yi dariya har soso ya faɗi daga hannunsa. Bai ce ya yarda ba, bai kuma ce a'a ba. Washegari dai ya ce in shiga gaba in raka shi shan mai, yana tafe yana tambayata sunan kowane titi. Yanzu na sayi littafin rubutu mai shafi 40, na cika 11 da hanyoyin Kaduna, kuma saura shekara 2 in isa neman lasin.