Gungume Ya Wuce, Kujera Ta Maƙale: Shingayen Da Ke Gaban Kayan Katako A Kasuwar Duniya

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar katako ta Bodija a Ibadan, ko ya ga tarin gumagumai na yawo a kan ruwa a Legas, zai ɗauka cewa Nijeriya ba ta da matsalar abin sayarwa ga ƙasashen waje. Itace dai akwai shi, kafintoci kuma ba su ƙirguwa. To, me ya sa ba kasafai ake ganin kujera ko ƙofa ƙirar Nijeriya a kantunan Landan ko Paris ba? Wannan maƙala za ta dubi wani ɓangare na amsar, wato shingayen ciniki.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita kalmomi, tunda mu ɗaliban harshe ne. Gungume shi ne itacen da aka sare aka bar shi yadda yake. In an tsaga shi ya zama katako. In kuwa aka busar, aka goge, aka haɗa tebur, gado, ƙofa ko filawud (siraran fallayen itace da ake liƙewa da gam), to an samu abin da masana tattalin arziki ke kira kayan da aka ƙara wa daraja. A nan ne riba take, a nan ne kuma ayyukan yi suke. Shingen ciniki kuwa shi ne duk wani haraji, doka ko sharaɗi da ke wahalar da shigar kaya wata ƙasa.

Shinge na farko shi ne kuɗin fito mai hawa-hawa. Ma'anarsa ita ce, gwargwadon aikin da aka yi wa itace, gwargwadon harajin da kwastan za su ɗora masa. A tsarin Tarayyar Turai na gama-gari, gungume na shiga ba tare da biyan ko sisi ba, amma filawud na biyan tsakanin kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari. Amurka ta ba da misali ƙarara a watan Oktoban 2025, lokacin da ta ɗora kashi 10 a kan wani nau'in katakon gini, ta kuma ɗora kashi 25 a kan kujerun kushin da kabad-kabad na kicin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mai masana'anta na son ɗanyen kaya da araha, ba ya son abokin takara.

Sai dai a nawa ganin, haraji ba shi ne babban abin tsoro ba a yau. Galibin kayan ɗaki na katako ba sa biyan kuɗin fito a Turai. Abin da ke tare su shi ne takarda.

A shekarar 2008 Amurka ta yi wa tsohuwar dokarta ta Lacey gyara, ta haramta shigar da itacen da aka sare ba bisa ƙa'idar ƙasarsa ta asali ba. Tarayyar Turai ta fara aiki da irin wannan doka a watan Maris na 2013. A 2023 kuma ta zartar da wata da ta fi tsauri, wadda ta shafi itace, koko, roba, manja da wasu kayayyaki. Wannan doka ta buƙaci mai shigo da kaya ya nuna takamaiman wurin da aka sare itacen a taswira, ya kuma tabbatar ba a share dajin ba bayan ranar 31 ga Disamba, 2020. An ɗage fara aiki da ita a 2024, aka sake ɗagewa a 2025, saboda ƙorafe-ƙorafe daga ciki da wajen Turai.

Babu mai hankalin da zai ƙi a kare daji. Amma mai karatu ya lura da inda nauyin ke sauka. Gungume ɗaya itace ɗaya ne, daga daji ɗaya, takardarsa ɗaya. Kabad ɗaya kuwa tana iya ƙunsar loko a ƙofa, maɗaci a gefe, da filawud a baya, kowanne daga hannun dillali dabam. Kafintan da ya sayi katakonsa a kasuwa ba tare da rasit ba, ta yaya zai gano kututturen da aka sare shi? Ƙasa ma kanta takan sha wuya. Gana ta sa hannu a yarjejeniyar tantance halaccin katako da Tarayyar Turai a 2009, amma sai a 2025 ta fara bayar da lasisin da ake kira FLEGT. Shekara 16 ke nan. Indunusiya ce ta riga kowa, a 2016.

Akwai kuma sharuɗɗan inganci. Amurka da Turai sun ƙayyade yawan sinadarin fomaldihaid da gam ɗin filawud zai iya fitarwa, kuma sai an yi gwaji a ɗakin binciken da suka amince da shi. Ga batun danshi: gidajen Turai ana ɗumama su lokacin sanyi, don haka masu saye kan nemi katakon da danshinsa bai wuce kashi 8 zuwa 10 ba. Katakon da aka shanya a iskar kudancin Nijeriya da wuya ya sauka ƙasa da kashi 15. In aka kai irin wannan kujera can, sai ta tsage ko haɗinta ya saki. Maganin shi ne tanderun busar da katako, shi kuma sai da wutar lantarki mai ɗorewa. Wannan kam ba za mu ɗora wa Turawa laifinsa ba.

Ƙasashe masu daji sun mayar da martani da nasu shingen, wato hana fitar da gungume don a tilasta sarrafa shi a gida. Nijeriya ta yi haka tun 1976, amma hanin bai ceci masana'antar filawud ta AT&P da ke Safele ba, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1940, ta yi tashe, daga bisani ta durƙushe. Gabon ta yi nata hanin a 2010, ta haɗa shi da yankin masana'antu na Nkok kusa da Libreville, sai ga ta cikin manyan masu fitar da siraran fallayen katako a duniya.

Labarin madobiya ya fi kusa da mu. Wannan itace, da 'yan kasuwa ke kira koso, an yi ta sare shi a dazuzzukan Taraba da Kogi a tsakiyar shekarun 2010, ana cika kwantena da shi zuwa ƙasar Sin, inda ake ƙera jajayen kayan ɗaki masu tsada da shi. Galibinsa an ɗan fafe gefensa ne kawai don a kira shi katako. A farkon 2017 aka sa shi cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinsa daga Nijeriya baki ɗaya. Yanzu ko kafintan Jalingo ya ƙware wajen ƙera tebur na madobiya, ya kuma sami mai saye a waje, sai ya fara tunanin takardar da za ta fitar da shi daga tashar jiragen ruwa ta Apapa.