Chris Seydou: telan da ya fito da saƙin Mali idon duniya

Kafin zuwan Chris Seydou, yadin bogolan tufafin karkara ne a ƙasar Mali. Maza ke saƙa shi, matan ƙabilar Bambara kuma su yi masa zane da tsimammiyar laka. Maharba na sa shi, ana kuma ɗaura wa mai jego, saboda imanin cewa zanen na ba da kariya.

An haifi Seydou Doumbia a garin Kati a shekarar 1949, kuma ya ari sunan Chris ne daga Christian Dior, shahararren mai zayyana tufafi na Faransa. A farkon shekarun 1970 ya tafi birnin Paris, inda ya yi aiki da gidajen ɗinki irin su Yves Saint Laurent.

Sai dai bogolan ba ya yankuwa cikin sauƙi. Zanen a cunkushe yake, kuma alamominsa na da ma'ana, almakashi na iya ɓata su. Don haka Seydou ya riƙa sa a yi masa mai sassauƙan zane, ya ɗinka kwat da huluna da shi.

Ya koma Bamako a 1990, ya rasu a 1994 yana da shekaru 44. Shekara guda kafin nan, shi da Alphadi na Nijar suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zayyana tufafi ta Afirka.

A yau masaƙu na buga zanen bogolan da inji, abin da ya sa masu aikin hannu ke gogayya da kwaikwayo mai araha.