Fushrod: Ƙarfen da Ba a Saye da Ido

Shirinmu na musamman na yau na makanikai ne da direbobi da manoman rani na Kankiya da Kusada, da duk wanda abincinsa ke rataye a wuyan inji. Za mu yi magana a kan wani siririn ƙarfe wanda a ƙaramin inji tsawonsa bai kai taƙi ɗaya ba, amma idan ya sami matsala sai gona ta kwana da ƙishirwa. Makanikai suna ce masa fushrod.

Ga aikinsa. A injin da ke aiki da fushrod, kamshaf yana ƙasa, cikin bulok, su kuwa bawul suna can sama. Dole a sami abin da zai kai saƙo daga ƙasa zuwa sama. Kamshaf ya juya ya ɗaga tafet, tafet ya tura fushrod, fushrod ya ɗaga gindin roka, sai bakin roka ya danna bawul ya buɗe. Wanda ya taɓa ban ruwa da jigo ya riga ya gane: gefe ɗaya ya tashi, ɗayan ya sauka. Kamshaf yana juyawa rabin juyin karanshaf, saboda haka injin ban ruwan da ke juyi 3,600 a minti yana buɗe kowane bawul sau 30 a daƙiƙa guda. Tun safe har azahar wannan ƙarfe yana ɗauke da wannan aiki.

Ba kowane inji ke da shi ba. Golf da Boxer kamshaf ɗinsu a sama yake, bel ko sarƙa ke jan sa. Amma ku duba abin da ke kewaye da mu. Injin ban ruwa da janareta samfurin Honda GX160 da GX200, da 'yan Sin da aka kwaikwaya daga gare su, waɗanda ke kuka a fadamu da bakin madatsar ruwan Kusada duk rani, da fushrod suke aiki. Haka injin niƙa mai gas irin na Lister, wanda nasa fushrod ɗin ma a waje suke, kana tsaye kana kallon su suna hawa da sauka. Haka tarakta Massey Ferguson mai injin Perkins. Haka babur CG125, wanda Honda ta fitar a 1975 musamman domin ƙasashen da ake wahalar da babur ba a canja masa baƙin mai a kan kari. Sai kuma Peugeot 504, wadda aka harhaɗa a Kaduna daga 1975 zuwa 2006, wadda ta daɗe tana cin hanyar Kano zuwa Katsina ta tsakiyar Kankiya.

Kada wani ya ce ai wannan tsohon yayi ne da ba ya gudu. A 1975 ɗin nan, Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin ya ci gasar Safari ta Kenya da 504. A Amurka kuwa, tun da Chevrolet ta fito da ƙaramin injinta mai silinda 8 a 1955 ba a rabu da fushrod ba, kuma motocin tseren NASCAR har yau da shi suke gudu, injinsu yana kai juyi wajen 9,000 a minti. A wannan gudun kowane bawul yana buɗewa sau 75 a daƙiƙa. Masu haɗa irin waɗannan injuna ba sa wasa da zaɓen fushrod, kuma abin da suke dubawa shi ne dai abin da ya kamata a duba a garejin bakin tasha.

Na farko, kuma mafi girma, tsawo. Maginin injin tsere ba ya sayen fushrod sai ya gama haɗa komai. Yana da wani na gwaji mai zare a tsakiya, wanda ake ƙara masa tsawo ko a rage. Sai ya shafa baƙin maka a kan bawul, ya ɗaura roka, ya juya inji da hannu sau biyu ko uku, sannan ya cire ya duba inda tawada ta goge. Idan layin siriri ne kuma yana tsakiyar kan bawul, tsawo ya yi. Idan ya karkata ciki ko waje, roka yana tura bawul ta gefe ke nan, kuma a hankali zai cinye hanyar da bawul ke bi, inji ya fara shan mai yana hayaƙi. Wannan gwajin bai buƙatar komai sai maka da haƙuri, kuma ya dace da GX160, domin shi ma rokansa a kan ƙusa mai noti yake zaune.

Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne abin da muke yi kullum. Mota ta yi zafi, tof silinda ya lanƙwashe, a kai shi Kano ko Katsina a aske. Duk abin da aka aske ya rage tazarar da ke tsakanin kamshaf da roka, sai tsohon fushrod ya zama ya yi wa injin tsawo. A sa gasket mai kauri, abin ya juya. Sukurun saiti yana cinye ɗan bambanci, amma yana da iyaka. Fushrod ya yi tsawo, bawul ba zai rufe ruf ba, ƙarfi ya zube, bakin bawul ya ƙone, wani lokaci ma ya gamu da fistin. Ya yi gajarta, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga sama, inji yana numfashi da ƙyar. Na CG125 da na CG200 in an ajiye su daban-daban sai ka rantse ɗaya ne, alhali silindar CG200 ta fi tsawo.

Sai ƙarfen kansa. Masu tsere suna amfani da bututun ƙarfe mai tauri, su ƙara masa kauri idan sifirin ɗin bawul mai ƙarfi ne, domin siriri yana lanƙwasawa ya miƙe a cikin gudu, bawul ya riƙa buɗewa a makare. Na CG kuwa gorar ruwa ce mai kan ƙarfe, kuma gorar ruwa ta fi ƙarfe miƙewa idan ta ji zafi, don haka wanda ya musanya ɗaya da ɗaya ya canja saitin injin da zarar ya ɗumama. A duba kai da gindi su zauna daram a mazauninsu. Idan na asali mai rami ne da mai ke bi ya hau sama, kada a sa toshasshe.

Yanzu ga inda zuciyata ke sosuwa. Manomi ya ajiye injin ban ruwa duk damina da fetur a ciki. Fetur ya tsufa ya yi danƙo, bawul ya maƙale. Kaka ta yi, ya ja igiya da ƙarfi, fushrod ya lanƙwashe. Yaron gareji ya ɗora shi a kan dutse ya miƙe da guduma ya mayar, ya ce, “Baba, ya yi.” Bai yi ba. Ƙarfen da ya taɓa lanƙwasawa ya riga ya yi rauni, kuma ba a taɓa bawul ɗin da ya jawo abin ba. Haka wanda ya kwance gwamnan inji don ya ƙara masa wuta, shi ma yana kiran wannan matsala da hannunsa. Gwajin miƙewa kuwa mai sauƙi ne: a sami gilashi shimfiɗaɗɗe, a gara fushrod a kai da tafin hannu. Miƙaƙƙe zai tafi sumul. Mai lanƙwasa zai riƙa ɗingishi yana ƙwanƙwasa gilashin, haske yana leƙowa ta ƙarƙashinsa.

Don haka, makanikanmu na Kankiya da Kusada, idan za a aika sayen fushrod kasuwar Ƙofar Ruwa ko shagon cikin gari, a tafi da lafiyayyen ɗan'uwansa a gwada su kai da kai, a kuma faɗi lambar inji. Wanda aka cire a mayar da shi ramin da ya fito. Bayan an haɗa, a saita da fila geji inji yana sanyi: a GX160, milimita 0.15 a bawul ɗin shigar mai, 0.20 a na fitar hayaƙi. Ku kuma manoma, ku tsiyaye fetur kafin ku jingine inji.