Likita Mai Binciken Gwiwa

A cikin kowace gwiwa akwai guringuntsi guda biyu masu siffar jinjirin wata. Su ne kamar gammo tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. A da, in guringuntsin nan ya yage, sai likitoci su yanke shi su fitar.

Akwai wani likita a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, sunansa Martin Englund, wanda ya duƙufa kan wannan al'amari. Da fari ya bi sawun waɗanda aka yi wa aikin nan shekaru da yawa baya, ya tarar amosanin gwiwa ya fi kama su.

Daga nan ya tafi Amurka, shi da abokan aikinsa suka duba hoton cikin gwiwar mutum 991, masu shekara 50 zuwa 90. A 2008 suka bayyana cewa cikin kowane goma da guringuntsinsu ya yage, wajen shida ba sa kukan ciwo.

Ashe ba kowace yagewa ke kawo ciwo ba. Don haka likitoci da yawa sukan sa dattijo motsa jiki tukuna, kafin su ɗauko wuƙa.