Haddar Manyan Kalmomi Ba Ta Koyar da Turanci

A watan Agustan 2025 hukumar WAEC ta sanar da cewa kashi 38.32 cikin ɗari na ɗalibai ne kawai suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure a makin, ta mayar da adadin kashi 62.96. Hankali ya ɗan kwanta, amma ko a gyararren sakamakon sama da ɗalibi ɗaya cikin uku bai tsallake ba. Abin da ya fi damuna shi ne maganin da iyaye da masu lesin suka runguma: a tara wa yaro jerin manyan kalmomin Turanci a takarda ko a waya, a ce ya haddace. Wannan magani ƙara ciwon yake yi.

A duba inda yaranmu ke tuntuɓe. Ɗalibin da zai rattabo maka ma'anar "magnanimous" shi ne zai rubuta "borrow me your pen", domin a Hausa aro ɗaya ne ga mai bayarwa da mai karɓa, Turanci kuwa ya raba "borrow" da "lend". Da "ji" muke jin magana, mu ji ƙanshi, mu ji ɗanɗano, mu ji zafi, sai yaro ya ɗauki "hear" ya ɗora mata duk wannan kaya. Hausa ba ta bambanta sautin p da f, don haka "pull" da "full" ke cakuɗewa a baki, daga baki su sauka a takarda. Ga kuma "advice" da "advise", "lose" da "loose", "affect" da "effect". Babu babbar kalma a cikinsu, amma su ne ke cinye maki.

Tushen matsalar rashin karatu ne. Ba a sanin kalma sai an yi ta gamuwa da ita a cikin jimloli, an ga da wa take tafiya, da inda ba ta shiga. A makarantun gwamnati da yawa babu laburare, inda akwai kuma a kulle yake. Aji ya cika maƙil, malami ɗaya ba zai iya duba insha'in kowa ba, sai ya rubuta kalma da ma'anarta a allo a kwafa. Tsarin JAMB ya ƙara wa abin ƙarfi: tambayoyi 60 cikin 180 na Turanci ne, duk na zaɓi, har da na kalmomi masu kama da juna a ma'ana da masu kishiyantar juna, sai hadda da tsofaffin tambayoyi suka zama hanya mafi sauƙi. Mu ma muna da laifi, domin wanda ya fi kowa zuba Turanci mai nauyi shi muke kira mai ilimi, ko da ba mu gane abin da ya faɗa ba.

Sakamakon yana bayyana a takardar insha'i da taƙaita labari, inda canki-canka ba ta aiki. Daga nan ya bi ɗalibi zuwa jami'a, ya bi shi zuwa takardar neman aiki, wadda kuskure ɗaya a layin farko ke sa a ajiye ta gefe.

Akwai masu ɗora laifin a kan harshen uwa. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya soke manufar 2022 ta koyar da 'yan firamare da harshensu na gida. Gaskiya ne yaron da ya makara wajen haɗuwa da Turanci yana shan wahala. Amma manufar ba ta yi nisa a aikace ba balle a ɗora mata faɗuwar shekara da shekaru. Hasali ma, malamin da ya san Hausa sosai shi ya fi sanin inda ɗan Bahaushe zai rikice, ya tare shi tun kafin ya faɗa.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba: ƙaramin littafi a hannun kowane ɗalibi, shafi ɗaya na rubutu duk mako wanda malami zai gyara da jan biro, da darasi na musamman a kan kalmomin da ke rikita masu jin Hausa. Kuɗin da iyaye ke kashewa a lesin ɗin hadda, a raba shi biyu a sayi littattafai da rabi.